Da Wa Ake Dariyar?

A shekarar 1966 aka buga wani ɗan ƙaramin littafi mai suna How to Be a Nigerian. Marubucinsa, Peter Enahoro, editan jaridar Daily Times ne a Legas, kuma ya yi suna da filin barkwancinsa da yake sa wa hannu da laƙabin Peter Pan. A ciki ya yi wa ɗan Nijeriya ba'a kan son hayaniya, da neman goro kafin a yi aiki, da dogon jawabin shugaban taro. Ya rasu a 2023, amma wanda ya buɗe littafin a yau a Kafanchan zai ga kamar jiya marubucin ya halarci bikin aure a Kagoro ko taron tara gudummawa a Zonkwa.

Mai karatu yakan yi dariya har da hawaye, sa'an nan wata tambaya ta taso masa: shin jin daɗin ganin an tona asirin raunin mutane ba mugunta ba ce a ɓoye?

Dariya kanta ba abin zargi ba ce. Ko sunan Ishaku ɗan Ibrahim daga gare ta ya samo asali. Abin dubawa shi ne inda mai dariyar ya tsaya. Enahoro bai ware kansa daga waɗanda yake yi wa ba'a ba, shi ma ɗan Nijeriya ne. Haka kuma dattijon da ke karanta labarin shugaban taro yakan tuna ranar da shi da kansa ya yi alkawarin magana kaɗan, ya riƙe jama'a har abinci ya huce. Irin wannan dariya tana rage girman kai. Da wuya ma wa'azi ya yi wannan aiki cikin sauƙi haka, gama mutum yakan kare kansa daga tsawa, amma ba ya iya kare kansa daga abin da ya riga ya ba shi dariya.

Akwai kuma wata dariyar dabam. Kafanchan gari ne da mahaɗar jirgin ƙasa ta tara Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Ibo da Yarbawa wuri guda, kuma tun rikicin Maris na 1987 mutanensa sun san abin da kalma take iya haifarwa. Ba'ar da ake yi wa wata ƙabila a bayan idonta ba ɗaya take da wasan Fulani da Barebari ba, inda ake tsokana fuska da fuska, wanda aka tsokana kuma yana da ikon ramawa. Yara da ke zaune a tsakar gida suna jin bambancin tun kafin su iya faɗinsa, suna kuma koyon wanda iyayensu suka raina ta wurin abin da yake sa iyayen kyakyata.

Littafin Enahoro ana iya karanta shi da ƙarfi, ko da maƙwabci yana zaune a wurin, shi ma zai yi dariya ya ce an taɓo shi.