Sabon Shiga a Wasan Yaƙi

A ƙasar Amurka akwai mutane, malaman makaranta da direbobi da masu kanti, waɗanda idan ƙarshen mako ya zo sukan sa tufafin sojan dā, su fita fili su kwaikwayi yaƙin basasar da aka yi daga 1861 zuwa 1865. Wanda suka fi so shi ne na Getisbag, a jihar Fensilfaniya, inda aka gwabza kwana uku, daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863. Mutum wajen 50,000 suka mutu, ko suka ji rauni, ko aka kama su, ko suka ɓace.

Sabon shiga ba ya zuwa da kome. 'Yan ƙungiya ne sukan ara masa riga ta ulu mai kauri, da hula, da doguwar bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Sukan koya masa ya yage ƙunshin albarushi da haƙori, ya zuba, ya harba, ba harsashi a ciki. Zafin Yuli kuwa na gaske ne, ƙishirwa ma haka. Sa'an nan sai a gaya masa abin da ya fi wuya, watau lokacin da zai faɗi ya kwanta kamar matacce.

To, daidai ne mutum ya mai da mutuwar waɗansu abin wasa?

Masu yin abin suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba ce. Wanda ya karanta cewa mutum 12,500 sun ratsa fili a rana ta uku, wajen rabinsu ba su komo lafiya ba, lissafi kawai ya sani. Amma wanda ya yi tafiyar da ƙafarsa cikin hayaƙi, ya ga na kusa da shi ya faɗi, ya ɗanɗana kaɗan daga tsoron nan. Ikilisiya ma ta san wannan hanya. A wasan Ista dole wani ya zama Yahuza, wani ya zama sojan Roma mai bulala, ba wanda yakan ce sun yi zunubi.

Duk da haka akwai bambanci. Mai wasan Yahuza ya san Yahuza ya yi kuskure, masu kallo kuma sun sani. Amma sabon shiga da aka miƙa wa riga mai ruwan toka ta sojan Kudu ya ɗauki tufafin waɗanda suka yi yaƙi domin ƙasar da ta riƙe bayi, a lokacin da bayi a Amurka sun kusa miliyan 4. Idan ya sa ta domin ya gane yadda talaka mai zuwa sujada ya iya ba da ransa saboda mugun abu, ya yi karatu mai amfani. Idan kuwa daɗin tuta da ganga ya kwashe shi har bayin suka fita daga zuciyarsa, to, rigar ta fara sa shi ke nan. Daga waje ba a iya rarrabe su biyun, gama tafiyarsu ɗaya ce, faɗuwarsu ɗaya.

Akwai kuma abin da wasan ba ya iya nunawa. Ba warin gawa, ba mai yanke ƙafa, ba gwauruwa. Da an busa ƙaho matattu sukan tashi, su kakkaɓe ciyawa, su nemi ruwan sanyi. Yaron da ya kalla yana iya komawa gida da zaton yaƙi abin sha'awa ne. Hukumar da ke lura da ainihin filin ba ta yarda a yi wasan harbe-harbe a kansa ba, sai a gonakin da ke kusa, gama jinin mutane ya zuba a wurin.

A 1913, shekara 50 bayan yaƙin, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na ɓangarorin biyu suka taru a Getisbag. Waɗanda suka ragu daga masu harin rana ta uku suka sāke takawa zuwa katangar dutsen nan, waɗansu da sanda a hannu. Abokan gābansu na dā suna jira a bayanta, suka miƙo hannu aka gaisa.