Ɗana, Ka Sassauta Wa Kunnenka

Ɗana, ina da 'yar magana da kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ka karɓe ta da zuciya ɗaya.

Maganar a kan hedifon ɗin nan ce da ka saya, mai kashe hayaniya, wanda yanzu ba a ganinka ba tare da shi ba. Mahaifiyarka ta kawo mini kuka. Ta ce takan yi ta kiranka daga tsakar gida har ta gaji, sai ta aiko ƙanwarka ta taɓa kafaɗarka. Ta ce dattijon nan maƙwabcinku ya yi maka sallama a ƙofar gida ka wuce shi, kana kaɗa kai. Na san tarbiyyarka, na san ba raini ba ne, ba ka ji ba ne. Amma shi wanda aka wuce bai san haka ba, kuma abin da ya gani da idonsa shi zai riƙe. Ka je ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri, tun abin bai kwana a ransa da yawa ba.

Ban ce ka jefar da kayanka ba. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo, hedifon a kaina daga safe har yamma, saboda haka ina ganin darajar wannan na'ura fiye da yadda kake zato. Abin da nake so shi ne ka san don me aka ƙera ta.

Tun a shekarun 1930 wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya yi rajistar dabarar kashe sauti da sauti, sai dai kayan aikin zamaninsa ba su kai ga cika masa burin ba. A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, yana cikin jirgin sama daga Turai zuwa Boston, aka ba shi abin sauraren kiɗa, rugugin injin ya hana shi jin daɗinsa. A cikin jirgin ya fara lissafin yadda za a magance matsalar. A 1986, matuƙa biyu da suka zagaya duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager, ba sauka ba ƙarin mai, sun sa samfurin gwaji na kamfaninsa domin kare jinsu. Sai 1989 aka fara sayar wa matuƙan jirgi, sannan a 2000 aka fitar da na gama-gari. Ka lura da asalin abin: an yi shi ne don kunne ya huta daga rugugi.

Yadda yake aiki ba tsafi ba ne. Sauti girgizar iska ce, tana turowa tana janyewa. A jikin hedifon ɗinka akwai 'yan ƙananan makirfo da ke sauraren abin da ke waje, wasu kuma a ciki kusa da kunne. Da sun ɗauki ƙarar, sai na'urar ta ƙirƙiri kishiyarta nan take ta saka cikin lasifikar: inda waccan ta turo, wannan ta janye. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙyaure, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, ƙyauren ya tsaya cak. Dabarar ta fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin ta janareta, fanka, injin bas ko na jirgi. Muryar mutum, kukan jariri da hon ɗin mota suna zuwa ne ba zato, suna hawa suna sauka, shi ya sa ba ta iya shafe su gaba ɗaya. Abin da ya hana ka jin kiran mahaifiyarka shi ne soson da ya rufe kunnen, da kuma ƙarar da kai da kanka ka ƙure.

A nan ne kuskurenka yake, kuma shi ya fi damuna. Amfanin kashe hayaniya shi ne ka samu damar rage ƙara. Mai iyafis na gama-gari a cikin Adaidaita Sahu dole ya ƙara murya don ya rinjayi injin. Kai an ɗauke maka wannan wahalar, amma ka kunna kashe hayaniyar kuma ka ƙure ƙarar, har wanda ke zaune kusa da kai yana jin abin da kake ji. Ka biya kuɗin magani, ka ci gaba da neman cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babban mutum shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin nan gida biyu. A desibel 90, awa huɗu ne kawai a mako. A 100, bai kai rabin awa ba, kuma hedifon da yawa suna kaiwa nan idan aka ƙure su. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ke mayar da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma har yau babu allura ko ƙwayar da ke dawo da su. Abin ba ya ciwo, shi ya sa yake yaudarar yara. A hankali yake ci, sai wata rana a wajen ɗaurin aure ka ga kana jin ana magana amma ba ka rarrabe kalmomin. Na ga abokan aiki da suka kai ga haka tun ba su yi furfura ba, suna karkato da kunne ɗaya suna cewa a maimaita. Ba na so in ga haka a kanka.

Don haka ka riƙe ƙarar ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin wayarka. Idan wayar ta yi maka gargaɗin cewa ƙara ta yi yawa, kada ka danna ka wuce. Bayan kowane ɗan lokaci ka cire, kunnen ya sha iska. Kuma kada ka ɗauka wannan na'ura za ta kare ka a wajen injin niƙa ko shagon walda. Masu irin wannan aiki da nasu abin toshe kunnen daban.

Sai batun titi. Ka san yadda hanyoyinmu suke: mai babur ya fito ta bayanka, mai Adaidaita ya yanko ta hannun da ba nasa ba. A irin wannan wuri kunne rabin tsaro ne. In za ka tsallaka titi, ko kana tafiya da dare, ka sauke shi wuyanka. In kana tuƙi ko kana kan babur, kada ma ka fara. Yawancin irin wannan hedifon suna da wani maɓalli da ke shigo da sautin waje, mai kyau ne a tasha ko a ofis, amma a kan titi cirewar ta fi. Haka idan an kira salla, ko babba ya shigo, ko an zauna cin abinci. Amsa sallama hakki ne, kuma mai magana da kai yana so ya ga kunnenka a buɗe, ko da kana jin sa ta cikin na'urar.

Na ji kana shirin sayen wani, wai wanda ya fi wannan. To bari in faɗa maka abin da ake dubawa, tunda kuɗin guminka ne.

Na farko, zamansa a kai. Minti biyu a shago ba ya nuna komai. Hedifon da ya matse zai fara sa maka ciwon kai bayan awa guda, wanda ya yi sako-sako kuma zai bar hayaniya ta shigo. Ka gwada shi da hularka a kai, don ba don masu hula aka zana su ba, kuma da tabaranka, domin ƙafar tabarau tana ɗaga soson ta bar kafa, kaurin sautin ya zube ta nan. Nauyi ma abin dubawa ne: yawancin masu kyau suna wajen giram 250, akwai kuma waɗanda suka haura 380, wuya kan gane bambancin. A zafin bazara, fatar robar da ke lulluɓe da soson tana tara gumi, daga baya ta fara ɓarewa tana barin baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Ka tambaya ko ana samun soson canji kafin ka biya. Wasu mutane kuma idan suka kunna kashe hayaniyar sukan ji kamar kunnensu ya toshe, har da ɗan jiri. In kana cikinsu, ka rage ƙarfinta ko ka haƙura da ita.

Ingancin sauti kuwa, ku yaran yanzu da dukan ganga kuke auna shi, in ya girgiza ƙoƙon kai kun ce ya yi. Mu da murya muke aunawa. Ka sa karatun makarancin da ka saba da shi, ko labaran rediyo, a ƙara ƙasa-ƙasa. In haruffa suna fita tsaf, numfashin mai maganar yana fitowa, muryar ba ta shige cikin hanci ba, to kayan kirki ne. Sannan ka tsayar da komai ka saurari shirun: na banza yana da wani huci a ciki da ba ya yankewa. Ka kuma sani Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika, kuma waƙar da aka matse ta sosai tun asali ta riga ta rasa wani abu daga kyanta. Babu hedifon da zai dawo mata da shi.

Ƙarko ya dogara ne da batir da kuma riƙo. Batirin irin waɗannan kaya yana raguwa da yawan caji, zafi kuma shi ne babban makashinsa, don haka kada ka bar shi a mota a rana. Manya na kai sukan yi awa 20 zuwa 30 da caji ɗaya, ƙananan na cusawa a kunne kuwa 'yan awoyi ne, kuma in batirinsu ya mutu da wuya a canza shi. Ka zaɓi wanda ke da ramin waya, don ranar da babu wuta ya ci gaba da yi maka aiki. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan makirfo ɗin, ka riƙa sharewa da busasshen ƙyalle kana mayar da shi jakarsa. Wajen naɗewa kuma a nan suka fi karyewa, ka daina cusa shi aljihun jaka tare da caja da makullai.

Jabu sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Araha ba ta ado. Ka duba rubutun kwalin da kyau: ANC shi ne mai rage hayaniyar da kai kake ji, ENC kuwa yana tace muryarka ne don wanda kuke waya da shi. Da yawa an sayar musu da na biyun da sunan na farkon. Gwajin mai sauƙi ne. Ka tsaya kusa da janaretan shagon, ba tare da kiɗa ba, ka kunna ka kashe. In rugugin bai faɗi a fili ba, ka ajiye wa mai shagon kayansa. Ka karɓi rasit, ka tabbatar da garanti a rubuce. Na cusawa a kunne kuma kada ka riƙa ba da aronsa, ciwon kunne yana bin hannu.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonka kada ka yi wasa da shi. In ka cire hedifon da dare ka ji wani siririn fito a kunnenka, ko ka ji sauti ya dushe maka, to kunnen ya fara gajiya. Ka ba shi hutu. In abin ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibiti a gwada maka jinka. Kada ka ɗiga mai, kada ka sa tsinken ashana, kada ka tsaya neman shawarar mai kemis. Ka gaida mutanen gida. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka jinka da ganinka.