Gaggawa Mai Cinye Baiwa

Ranar 1 ga Satumba 1996, a garin Rieti na ƙasar Italiya, wani saurayi ɗan Kenya mai suna Daniel Komen ya yi gudun mita 3,000 cikin minti 7 da daƙiƙa 20.67. Zagaye bakwai da rabi ke nan na filin tsere, kuma in aka raba, kowane zagaye bai cika daƙiƙa 59 ba. Wanda ya taɓa gwada zagaye ɗaya tak da iyakar ƙarfinsa, ya tsaya yana haki hannu bisa gwiwa, shi ya san nauyin wannan magana. Shekarar Komen 20 a lokacin. Tarihin da ya kafa ran nan ya gagari kowa kusan shekara 28, sai a watan Agusta 2024 Jakob Ingebrigtsen ɗan Norwe ya kawar da shi. Shi kuwa mai tarihin, ganiyarsa ba ta wuce shekara uku ba.

Tun farko babu mai shakkar baiwarsa. A 1994 ya lashe tseren mita 5,000 da na 10,000 a gasar matasa ta duniya. A 1996 ya zo na huɗu a gwajin fitar da gwani na Kenya, aka tafi gasar Olamfik ta Atlanta aka bar shi. Sai ya huce haushinsa a filayen Turai. Cikin watan Agusta kaɗai ya kai gab da tarihin mita 3,000 har sau biyu, ya kuma kayar da Haile Gebrselassie na Habasha a mita 5,000, kafin ya isa Rieti. Shekara ta zagayo, ya zama mutum na farko da ya yi mil biyu ƙasa da minti takwas, ya ci kambun duniya na mita 5,000 a Girka, ya kafa sabon tarihin wannan tazara a Beljiyam da minti 12 da daƙiƙa 39.74. A 1998 ya ƙara wani tarihin a rufaffen fili, ya ci zinariya a Kuala Lumpur. Daga nan sai ƙafa ta fara nauyi. Bai samu gurbi a gasar Olamfik ta 2000 ba, kuma har ya bar tsere bai taɓa taka filin Olamfik ba.

Babu wani hatsari guda da za a nuna a ce ga ranar da abin ya lalace. Waɗanda suka bi labarinsa sun fi ambatar abu biyu: tsere ya yi masa yawa, kuma da kuɗi suka shigo sai atisaye ya yi sanyi. Ni a ganina duka biyun uwarsu ɗaya, ita ce gaggawa. Kuma zalunci ne a ɗora ta a kan yaron shi kaɗai. A wannan sana'a ana biyan gwani don ya fito kawai, ana ƙara masa in ya yi nasara, ana ninka masa in ya kafa tarihi, dillalin da ya haɗa shi da masu gasa kuma yana da kasonsa a kowace fita. Kakar tseren Turai ƴan watanni ce. To ka ɗauko yaron ƙauye daga gida mai ƴaƴa da yawa, ka ce masa ga abin da zai samu daren Juma'a, ga wani kuma ranar Lahadi a wata ƙasa. Wa zai ce masa ya zauna ya huta? Duk wanda ke kusa da shi yana da abin da zai rasa in ya huta.

Jiki kuwa ba ya karɓar cin hanci. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala, cikin ƴan makonni mai gudu zai ji numfashinsa ya ƙaru. Ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi su ne masu nawa, sai an yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin su kamo. Tsakanin nan haɗarin yake, domin yaro yana jin zai iya, alhali ƙwaurinsa da agararsa ba su shirya ba. Sannan ƙarfin da ake nema ba a lokacin wahalar yake shiga jiki ba, sai an kwanta an yi barci, an ci abinci, jiki ya ɗinke ƴan ɓarakar da gudu ya yi masa. Wanda ya hana jiki wannan dama, bashi yake ci, kuma ranar biya ba ta yin sallama.

A ƙasar Kenya ɗin dai akwai wanda ya bi wata hanyar. Eliud Kipchoge yana da shekara 18 ya ci kambun duniya na mita 5,000 a Faransa a 2003, gaban Hicham El Guerrouj da Kenenisa Bekele. Sai kuma ya yi shekaru yana zuwa na biyu, yana zuwa na uku. A 2012 shi ma aka tafi Olamfik ta Landan ba da shi ba, irin abin da ya sami Komen. Bai bazama neman huce haushi ba. Ya koma wurin malaminsa na tun ƙuruciya, Patrick Sang, ya karkata ga gudun fanfalaki, ya fara a Jamus a 2013. Galibi sau biyu yake fita a shekara. Sauran kwanakin yana sansanin Kaptagat, inda yake kwana cikin abokan atisaye, yana shara da wanke-wanke in layi ya zo kansa, yana rubuta aikin kowace rana a littafi. Ya ci zinariyar Olamfik a 2016, ya sake ci a 2021, a 2022 kuma yana da shekara 37 ya kafa tarihin duniya da awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Ba na jin baiwarsa ta fi ta Komen. Abin da ya samu shi ne babba mai iya ce masa a'a, da kunnen da zai ji.

Mai karatu a Tawa zai iya cewa ina ruwanmu, mu da ba mu da masu tsere irin waɗannan. Muna da kokowa. A garin nan aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya tafi da shi. Har yau kowace jaha tana tura ƴan kokowa goma, kuma duk yaron da ke birgima cikin rairayi a Keita ko Tamaske ko Bagaruwa mafarkinsa ya shiga cikin goman nan, a kira sunansa a filin kokowa na Hamidine Maidare da ke Tawa.

Ku dubi abin da ke faruwa bayan girbi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya kayar da wani babba a dandalin ƙauyensu. Kafin ya karkaɗe ƙasar jikinsa makaɗa sun sa sunansa a kiɗa, ana manna masa kuɗi a goshi mai gumi, wani ya ɗaga wayar salula yana ɗauka. Kwana biyu hoton ya kai Abijan da Tarabulus, wurin ƴan uwa masu biɗa. Daga ranar ba shi da sauran hutu. Yau ana aiko babur daga wannan gari, jibi daga wancan. Wata rana ya sauka a karkace, gwiwa ta kumbura. A kai shi wurin mai ɗori, a shafa magani, a ɗaure da tsumma. Ba a yi mako ba sai ga aike, an sa rago da kuɗi. Ya dubi maigidansa, maigidan ya ce, “Kai namiji ne, shiga, Allah na nan.” Ya shiga yana ɓoye ɗingishi don kada abokin karawa ya gane ƙafar da zai kama. Shekara uku nan gaba za ka gan shi a bakin fili cikin ƴan kallo, ana nuna shi ana cewa da can ba a kai shi ƙasa. Yawancinmu mun san irinsa, kuma mun tafa masa a ranar da ya kamata a hana shi shiga.

Manomin albasa na yankinmu na Adar ya fi kowa sanin wannan darasi. Albasar da aka ɗura wa takin zamani, aka yi ta ba ta ruwa har ranar cira don ta yi girman ido, ba ta jure zaman rudu, kafin farashi ya tashi ta ruɓe. Wadda aka yanke wa ruwa, aka bari ganyenta ya kwanta wuyanta ya bushe, ita ke kai damina. Manomi ya san haka sarai. In ka ga ya cire da wuri ya sayar a bakin garka, bashi ne a wuyansa, mai kuɗin yana tsaye.

Nan maganar take da wuya, kuma ba zan kauce mata ba. Mai ƙoshi ne ke saurin yi wa mai yunwa wa'azin haƙuri. A yankin da damina ke yin gardama, inda samari ke barin gida kowace rani don rumbu ba ya kai shekara, yaron da ƙarfinsa ya fara kawo buhun hatsi ba zai iya ce wa mahaifinsa, “Baba, a jira ni shekara biyar,” ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, gaskiya ne, amma wanda ke da abincin gobe ne ke da sukunin tuna karin magana. Saboda haka ba yaron nake tuhuma ba. Gaggawar da nake nufi tamu ce, mu manya: uban da ya fara lissafi da gumin ɗansa tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, maigidan da ke karɓar kason kowace karawa, mai shirya wasa da ya ga ɗingishi ya kawar da kai, da mu ƴan kallo da muke son sabon gwani kowace kaka, in ya karye mu nemi wani.

Haƙuri a irin wannan wuri yana da farashi, kuma dole wani ya biya. Adar ba ta rasa masu hali ba. Attajiranmu na gida da na ƙetare sukan yi kyautar babur da kujerar Makka da kuɗi masu yawa ranar da gwani ya yi nasara, ana shela da lasifika. Kaɗan daga cikin wannan, in aka ba da shi tun da wuri ba tare da shela ba, zai ciyar da yaro mai tasowa wata uku yana jinyar gwiwa, ya biya hoton ƙashi a asibitin Tawa, ya sa mahaifinsa ya iya mayar da ɗan aike hannu wofi. Tsofaffin ƴan kokowa da jikinsu ya riga ya gaya musu gaskiya suna nan zaune a unguwanni, babu mai tambayarsu. Su ya kamata a ba wuƙa da nama wajen cewa wane ya isa shiga, wane sai baɗi, kuma in sun hana yaro, kada mai kuɗi ya zagaya ta bayan gida ya ɗauke shi.