Murjani, Gawo da Haƙƙin Iri

A Ɗan Barto, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, a wuyan amarya aka san murjani. Kaɗan ne suka san cewa ƙashi ne na wasu ƙananan halittu masu rai da ke zaune jingim a ƙarƙashin teku. Danginsu na ruwa mai ɗumi su ne ke gina tuddan da kifaye ke hayayyafa a ciki, kuma in zafin ruwa ya wuce kima sai su yi fari fat, da yawa su mutu. A 2024 aka tabbatar da aukuwar wannan annoba a tekunan duniya karo na huɗu.

Don haka masana suka shiga kiwon murjani. Sukan tara ƙwayayensa a daren da yake zuba su, su rene su a tankuna, sannan su dasa a teku. A 2023, a gaɓar Florida ta Amurka, zafin ruwa ya hallaka dashe mai yawa, har aka kwaso saura aka mayar tankuna a tudu. Shin daidai ne a ci gaba da renon abin da za a mayar cikin wutar da ta cinye uwarsa?

Mu da ba mu da teku, muna da ta cewa. Bayan farin 1984, manoman Matamaye, Magarya da Mirya sun dawo da gawo gonakinsu ba tare da dashe ba. Tohon da ya fito da kansa suka daina sarewa lokacin sharar gona, suka rage masa rassa, suka tsare shi. Abin ya yiwu ne domin gatarin da ke kashe gawo yana hannun mai gonar. Da ya ajiye shi, gona ta farfaɗo. Mai kiwon murjani ba shi da wannan gata. Hayaƙin kwal da man fetur ne ke dafa teku, kuma masu ƙona su ba sa ƙarƙashin ikonsa. Abin da ma nake tsoro shi ne aikinsa ya zame musu mayafi: su ba da kuɗin tanki, su kwanta da zuciya sakayau.

Duk da haka ban ga laifinsa ba. Manomin kirki ba ya cin iri ko yunwa ta kai inda ta kai, domin ba nasa ne shi kaɗai ba. Gado ne da ya tarar, kuma akwai na baya. Laifin yana kan mai nuna tanki ya ce an sami magani. Manomi ya ɓoye iri yana jiran ruwan sama, wanda ba a hannun kowa yake ba sai Allah. Mai murjani kuwa mutane yake jira, kuma sun san abin da ake jira su yi.