Farantin da Ke Jan Ragamar Sauti

 

Matar da ta taso daga Sae Sabuwa zuwa Maraɗi awon ciki, aka shafa mata man nan mai sanyi a mara, aka ɗora kan na'urar eko, ta ga zuciyar ɗan tayinta tana bugawa, ta sani cewa abin da ya leƙa cikin duffai ukun da Suratuz Zumar ta ambata sauti ne. Kunnen ɗan Adam ba ya kama abin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, na eko kuwa miliyoyi ne. Da sautin da kunnenmu ba ya ji jemage yake farauta tun kafin likita Ian Donald na Glasgow ya bayyana aikinsa na eko a 1958.

Wahalar tana wajen juya sautin ya tafi inda ake so. Hanyar da aka saba ita ce a jera ƙananan maɓuɓɓugan sauti masu yawa, kowace da wayarta da lantarkinta, kuma a nan tsada take.

A 2016, Kai Melde da Peer Fischer da abokan aikinsu na Cibiyar Max Planck da ke Stuttgart a Jamus suka wallafa wata dabara a mujallar Nature. Maɓuɓɓuga guda tak suka ɗauka, suka sa mata farantin roba a gaba, wanda injin ɗab'i na 3D ya fitar da tudu da kwari. Sauti ya fi sauri cikin robar nan a kan cikin ruwa, inda yake cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Don haka wanda ya ratsa wuri mai kauri yakan riga wanda ya ratsa siriri fita. Inda igiyoyin suka iso tare sai su ƙarfafa juna, inda suka saɓa sai su kashe juna. Kwamfuta ce ke lissafa kaurin kowane ɗigo tun farko. Da haka suka tattara ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa har suka yi surar kurciyar da Picasso ya zana. Subhanallahi! Ba hannun da ya taɓa su; sunnar da Allah ya gindaya wa sauti kawai aka karanta aka bi.

Farantin yana da iyaka. Ba kamar allon makaranta yake ba, da za a wanke a sake rubutu. Kowace sura sai an buga mata nata. Amma a 2019 masu bincike a Valencia ta Sifen sun mai da wannan iyaka amfani: suka nuna ana iya ƙera faranti daidai da ƙoƙon kan mutum ɗaya, ya gyara karkacewar da ƙashi ke sa wa sauti, don ya sauka inda ake nufi cikin kai ba tare da wuƙa ba. A lokacin, aikin yana ɗakunan gwaji.

Ina ganin ilimi irin wannan, mai sauya tulin lantarki da lissafi da guntun roba, da mu talakawa ya fi dacewa. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi su fara da lissafin igiyar sauti. Kwamfuta ɗaya ta isa wannan mataki.