Sa'ad da Abokin Tafiya Ya Rabu da Kai

Karatu: 2 Timoti 4:9-21



A shekara ta 2004 wani malamin makaranta ɗan Ingila mai suna Rob Lilwall ya bar aikinsa, ya shiga jirgin sama da kekensa zuwa Magadan, wani gari a ƙarshen gabashin Rasha, a yankin Saiberiya. Niyyarsa ita ce ya komo gida London a kan keken nan. Bai tashi shi kaɗai ba. Abokinsa Alastair Humphreys, wanda tun 2001 yake zagaya duniya a kan keke, ya haɗu da shi suka kama hanya tare. Alastair ya riga ya goge, shekara uku ke nan yana bisa sirdi.

Hanyar da suka bi ana ce mata Hanyar Ƙasusuwa, saboda yawan fursunonin da suka mutu wajen gina ta a zamanin Stalin. Sanyi ya same su har digiri 40 ƙasa da sifiri, suna kwana cikin tanti. Mu da muke kukan hunturu muna jin ɗumin wuta da asuba, ba mu san sanyi ba tukuna! Suka jure tare har suka haye teku zuwa Japan. A can ne suka rabu. Ba cin amana ba ne. Tafiyar Alastair ta kusa ƙarewa, ya kuwa isa gida a 2005. Ta Rob yanzu ta soma.

To, ka sa kanka a wurinsa a safiyar farko. Babu wanda yake gaba yana tare maka iska. In taya ta yi faci kai ne mai gyara, in hanya ta rabu biyu kai ne mai zaɓi. Filin jirgin sama kuma ba shi da nisa, ba wanda zai ga laifinka in ka koma. Rob bai koma ba. Ya bi ta Koriya da Sin, da dazuzzukan Papua New Guinea, da Ostareliya, da duwatsun Tibet, da Afganistan da Iran. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ya tashi ya ci gaba. Ya shiga London a 2007, bayan shekara uku da kimanin kilomita 48,000, wato kamar ka yi Yamai zuwa Damagaram fiye da sau hamsin.

Ɗan'uwa, wa ya fara tafiyar bangaskiya da kai? Wataƙila wanda ya fara kai ka majami'a ya tafi neman aiki wata ƙasa. Wataƙila an yi wa faston da ya yi maka baftisma canjin wuri. Ko ke 'yar'uwa, maigidan da kuke addu'ar safe tare Ubangiji ya kira shi gida. Ko kuwa, abin da ya fi ciwo, abokin naka yana nan cikin gari, amma ya juya baya.

Manzo Bulus ya ɗanɗani wannan duka. A karatunmu na yau yana kurkuku a Roma, yana lissafa waɗanda ba sa tare da shi. Ka lura bai haɗa su a kwando ɗaya ba. Dimas ya yashe shi saboda son duniya, ya tafi Tasalonika. Titus kuwa Dalmatiya ya tafi, Bulus bai ɗora masa laifi ba. Tikikus ma Bulus ne da kansa ya aike shi Afisa. Sau da yawa mukan kasa bambanta wannan. Duk wanda ya tafi sai mu mai da shi Dimas, mu riƙe shi a zuciya, alhali Allah ne ya ba shi tasa hanya. Har waɗanda suka gudu a ranar shari'arsa ta fari, Bulus roƙo ya yi kada a lissafta musu.

A ranar nan da kowa ya watse ne Bulus ya shaida cewa Ubangiji ya tsaya kusa da shi ya ƙarfafa shi, har ya yi shelar bishara a gaban masu shari'a. Ubangiji yana nan tun dā, amma wani lokaci kafaɗar aboki takan tare mana ganinsa. Muna tsammani muna dogara ga Yesu, ashe rabin nauyin a kan mutum yake. Ranar da mutumin ya janye, nan za ka san wanda ya kira ka. In abokinka ne ya kira ka, sai ka koma. In Almasihu ne, hanyar tana gabanka, ko da ba wanda zai raka ka sujada ranar Lahadi mai zuwa.

Amma kada ka ce wai ci gaba kai kaɗai shi ne ka daina bukatar mutane. Wannan girmankai ne. Bayan rabuwarsu Rob ya kwana a gidajen baƙi masu yawa waɗanda suka ba shi abinci da shimfiɗa, a Hong Kong ma ya sadu da wadda ta zama matarsa. Bulus ma bai ji kunyar roƙo ba. Ya ce Timoti ya yi hanzari ya zo kafin lokacin sanyi, ya kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa da littattafansa. Ya kuma ce a zo masa da Markus. Ka tuna wane ne Markus? Shi ne saurayin da ya bar su a Bamfiliya, wanda a kansa Bulus da Barnaba suka yi gardama har suka rabu (Ayyukan Manzanni 15:36-41). Ga shi yanzu Bulus yana nemansa don yana da amfani a hidima. Saboda haka kada ka kulle ƙofa da kwaɗo a bayan wanda ya tafi.

Addu'a: Ya Uba, ka san sunan wanda ya rabu da ni. Ka sa masa albarka inda yake, in kuwa ya bauɗe ka komo da shi. Ka tsaya kusa da ni kamar yadda ka tsaya da bawanka Bulus, ka ba ni ƙarfin tafiyar yau, da tawali'un karɓar taimako daga wanda za ka aiko. Cikin sunan Yesu. Amin.