Sayen Gonar Mayunwaci

Akwai wata tambaya wadda dattawan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun suka san nauyinta fiye da mutanen wurare da yawa. Ga ta. Idan yunwa ta matsa wa manomi har ya ɗauki gonarsa ta gado ya kai wa mai kuɗi, mai kuɗin kuwa ya saye ta da araha, shin taimako ya yi masa ko cuta? Mai saye yakan ce ba shi ya kira shi ba, ba kuwa ƙwace ya yi ba. An yi ciniki gaban shaidu, an taya, an sallama. Mai sayarwa kuwa, in an tambaye shi bayan shekara goma, sai ya ce ba shi ya sallama ba, yunwa ce ta sallama. Kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, shi ya sa maganar ta cancanci a zauna a duba ta.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya tuna manomi ba ya fara taɓa gona. Wahala tana sauko da shi ne sannu sannu, kamar mai sauka daga tsani. In rumbu ya fara nuna ƙasa tun kafin bazara, sai uwargida ta rage awo, tuwon dare ya koma kunu, a cika ciki da tafasa da rama da zogale. Samari su tafi cin rani, don bakin da ya bar gida shi ma ajiya ne. Sa'an nan a sayar da kaji, a sayar da awaki, waɗanda galibi na mata ne, watau mata ke fara biyan kuɗin yunwa ba tare da an rubuta sunansu ba. In abin ya ci gaba, maigida ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai lokacin da tasa ke neman noman farko, ciyawa ta cinye ta, ya sayi abincin yau da hatsin baɗi. Daga nan sai falle, watau ya karɓi kuɗi ko hatsi da damina, ya biya da dami idan kaka ta yi, sau da yawa ninki. Bayan wannan sai jinginar da gona. Sayarwa ita ce matakin ƙarshe, babu abin da ke ƙarƙashinta sai ƙaura.

Mutanen Arewa sun sha hawa da sauka a kan wannan tsani. Sun ga Kakalaba a 1914, sun ga 'Yar Gusau a 1942, sun ga farin 1972 zuwa 1974. Amma yunwar fari tana da wata halayya guda: in ruwa ya dawo, wanda gonarsa ke hannunsa ya dawo tare da shi. Abin da ya sami ƙasar Mafara bayan wannan daban ne, gama ba daga sama ya zo ba.

A 1974 aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka gama ginin a 1978. Nufin hukuma shi ne a tare ruwa a shayar da hekta 23,000, a riƙa noma rani da damina. Hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi. Nufi ne mai kyau, babu mai musu. To, amma tafkin da ya taru bayan madatsar ya rufe kimanin hekta 8,000, ya tashi mutum fiye da 10,000, yawancinsu a ƙasar Maradun, aka ɗauke su daga fadama aka mayar da su kan tudu mara albarka. Waɗanda ke gaban madatsar, wajen Mafara da Bakura, aka hana su shuka domin motoci na baje ƙasa, ana haƙa hanyoyin ruwa. Aka tumɓuke itatuwan amfani, su ɗorawa da kuka da tsamiya, iyakokin gonaki suka ɓace. Wasu suka yi damina biyu ko uku ba su sa iri a ƙasa ba, diyya kuwa ta yi jinkiri, wasu ba ta isa gare su ba sam. Can ƙasa kuma, inda ambaliyar gulbi ke shayar da fadamu kowace shekara, ruwa ya ragu, shinkafa da kifi suka ja baya.

Manoma suka kai kuka, suka tare hanyoyin aiki. A ƙarshen 1979 Gwamnan Sakkwato, Shehu Kangiwa, ya yi musu alkawarin duba kukansu, don a lokacin ƙasar nan tana cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke Zamfara ba sai 1996. A ƙarshen watan Afrilu, 1980, 'yan sanda suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen wurin da masu bincike suka ce sun wuce 300. Allah ya jiƙansu.

Cikin waɗannan shekaru ne gonaki da yawa suka canja hannu. Mutumin da ba shi da hatsi, ba shi da diyya, ba shi ma da ikon shiga gonarsa, me ya rage masa ya sayar sai ita? Attajirai da ma'aikata suka saya. Nan tambayar ta tsaya da ƙafafunta.

Hujjar mai saye ba abin rainawa ba ce. Yakan ce, da bai saya ba, da me yaran gidan za su ci? Kuɗinsa ne ya zama dawa, ya zama magani. Arahar kuma ba shi ya yi ta ba, kasuwa ce, domin in kowa ya fito da kaya rana ɗaya dole farashi ya faɗi. Har wa yau shi ma ya yi kasada, don a lokacin babu tabbas ko gonar za ta yi amfani. Kuma lalle in aka ce duk wanda ya sayi kayan matsattse azzalumi ne, to, masu tsoron Allah za su janye hannu, su bar matsattse da marasa tsoro. Wannan ba gata ba ne gare shi.

Amma hujjar tana da rami. Ciniki ba ya zama ciniki sai da yarda, yarda kuwa tana bukatar mutum ya iya cewa a'a. Wanda yaransa suka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, bakinsa ne kawai ke taya farashi. Shi ya sa malaman fiƙihu suka daɗe suna magana a kan cinikin matsattse, suka bambanta shi da cinikin mai zaɓi. Gona kuma ba akuya ba ce. Akuya in ta tafi wata ta haifu. Gona kuwa ita ce gandu, ita ce ke riƙe 'ya'ya maza kusa da ubansu, daga gare ta ake yanka wa saurayi gayauna, da ita ake yi masa aure. Wanda ya saye ta bai sayi amfanin shekara ɗaya ba, ya sayi abincin jikokin da ba a haifa ba, da kuɗin hatsin wata uku.

Saboda haka ba sayen ne abin dubawa ba, sai yadda aka yi shi. A ce manomi ya zo zaure da dare ya ce, "Alhaji, gonar nan tawa ta bakin rafi, ko za ka duba?" Mai kuɗi ɗaya zai amsa, "Haba Malam, ba ta kai ga haka ba. Ga buhu biyu, in kaka ta yi ka mayar." In bukatar ta fi ƙarfin buhu biyu, sai ya ce a yi jingina, ranar da ya sami kuɗi ya fanshi abinsa. Wani mai kuɗin kuwa zai yi shiru, ya ce a dawo jibi, don ya san jibi farashin zai ƙara sauka. Dukansu biyu kuɗi suka bayar. Na farko ya bar ƙofa a buɗe, na biyu ya jira yunwa ta yi masa dillanci. Mafi muni duka shi ne wanda ya san, ta hanyar aikinsa na ofis, cewa ruwa zai iso gonar nan ta ninka daraja, ya ɓoye wa mai ita ya saye. Wannan ba kasada ya yi ba, gani ya yi ya yi ciniki da makaho.

Kada kuma a ɗauka jingina tsarkakakkiya ce. Akwai mai karɓar jingina ya noma gonar shekara da shekaru, ya ci amfaninta har ya ninka bashinsa, amma ranar fansa ya nemi kuɗinsa cif. Malamai sun yi gargaɗi a kan rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani. Duk da haka talaka ya fi son ta, don ko bai fanshe ba ɗansa yana iya fansa.

Akwai kuma mai laifi na uku wanda ba ya zama gaban shaidu. Da an biya diyya kafin a hana shuka, da yawancin cinikin nan bai auku ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, mai riƙon amana kuwa shi ne farkon wanda za a tambaya. Sai dai laifin hukuma ba ya wanke maƙwabci. In gobara ta tashi gidan mutum, wanda ya cinna wutar yana da nasa alhaki, wanda ya tsaya a ƙofa yana sayen kayan da aka fitar da rabin kuɗi shi ma yana da nasa.

Maganar ba ta zama tarihi ba. Tun daga wajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara, Maradun na cikin wuraren da suka fi shan wuya. Akwai ƙauyukan da aka ɗora wa haraji kafin su shuka, aka sake ɗora musu kafin su girbe. Akwai gidajen da aka sace wa mutum, aka ba su kwanaki su kawo kuɗin fansa. A irin wannan hali tsanin nan ba ya aiki, babu lokacin rage awo ko tafiya cin rani. Daga shanu sai gona, cikin mako guda. Mai sayarwa kuma ba ya jiran a taya masa da kyau, shi ke bin masu kuɗi gida gida yana roƙo a saya, wanda ya saya har godiya ake yi masa.